Taku Ɗari da Ashirin

Mijina ba ɗan ƙwallo ba ne, gara in faɗa tun yanzu kafin wani ya je ya ƙara wa zancen gishiri. Sau ɗaya tak ya taɓa shiga wasa, ranar da mutum goma suka zo aka rasa cikon na sha ɗaya, kuma ko minti bakwai ba a yi ba ya taka ƙwallo ya zauna a kanta. Aikinsa zana fili. Shekara arba'in da ɗaya yana ja wa 'Yan Sabulu layi, ni kuma shekara talatin da takwas ina kankare farar ƙasa daga ƙafar wandonsa, don haka in ana maganar tarihin ƙungiyar nan ni ma ina da bakin magana. Gari na kiransa Mai Taku. Ni Malam nake ce masa.

'Yan Sabulu ita ce ƙungiyar ƙwallon garinmu, ba mu da wata. Ma'aikatan kamfanin sabulu ne suka kafa ta, zamanin da kamfanin ke hayaƙi. A lokacin Malam saurayi ne dogo, yana dakon kwali daga sito zuwa mota. Da aka ba su fegin da ke bayan katangar kamfanin, injiniyan da ke kula da injuna ya fito da tef ɗin awo don a fitar da fili. Malam ne ya riƙe masa bakin tef. Injiniya ya lura da yadda yake jefa ƙafa, ya sa shi ya yi taku goma, ya auna. Ya sake sa shi, ya sake aunawa. Sau uku abu ɗaya. Sai ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Kai ai ƙafarka ta fi tef ɗina gaskiya. Tsawo taku ɗari da ashirin, faɗi saba'in da biyar. Riƙe wannan, ba ka bukatar kowa."

Allah ya jiƙan injiniyan nan, bai san abin da ya ɗora mana ba. Da wannan maganar Malam ya zo neman aurena. Sauran samari na zuwa da turare, shi ya tsaya a ƙofar gidanmu ya sanar da babana cewa daga bakin titi zuwa nan taku sittin da biyu ne. Babana ya ce ya gode, amma ba sayar da gidan zai yi ba.

Burinsa a duniya biyu ne, ya faɗa min su har na haddace. Na farko, a ce ƙafarsa ba ta taɓa ƙarya ba. Na biyu, kafin ya mutu ya ja layin wasan da 'Yan Sabulu za su buga a rukunin sama. Na biyun dai ba wanda ya ɗauke shi da muhimmanci. Ƙungiyar a rukunin ƙarshe take, inda ko ka sha kashi daga farkon kaka har ƙarshenta babu inda za a jefa ka, don babu ƙasa da nan.

Ga yadda yake aikinsa. Sandunan raga na ƙarfe ne, kuma a garinmu ƙarfe ba ya daɗewa a waje ba mai gadi, saboda haka da an gama kakar wasa sai a tuge su a kawo gidanmu, su kwanta a tsakar gida ina shanya a kansu. Hutun wata huɗu ne. Kafin a dawo ruwa ya wanke layi, ciyawa ta rufe abin da ya rage. Ranar buɗe fili Malam zai sa takalminsa na roba, ya jingina dunduniya da katangar kamfanin, ya yi taku biyar na bayan raga, ya kafa turke, sannan ya miƙe gaba yana ƙirga da ƙarfi. Inda ɗari da ashirin ta faɗi, nan ne iyaka. Nan zai kafa ɗaya turken, a ja igiya, ya bi ta da gwangwaninsa mai hudajjen gindi yana kaɗa farar ƙasa. Ko alamar layin bara ta leƙo daga cikin ciyawa ba ya kallonta. Wai mai bin tsohon layi malalaci ne, kuskuren wani yake gada. Na ce, "To ai kai ka ja na baran." Ya ce in je in duba abin da na ɗora a wuta.

Yana shekara ta goma sha biyu da aikin kamfanin ya mutu. Aka kwashe injuna, aka bar mana katanga da suna. Daga nan ƙungiya ta zama marainiya mai gado, kowa na son riƙo. Wani mai motocin haya ya karɓe ta ya sa mata sunan babbar 'yarsa, gari ya ci gaba da cewa 'Yan Sabulu. Wani ya ɗauko koci daga birni, mai busa usur ko a wurin cin abinci, ya koya wa 'yan wasa tsarin da kowa ke tsaron baya. Muka yi wasa tara a jere ba mu ci ba, ba a ci mu ba, har 'yan kallo suka koma zuwa da matashin kai. Akwai kakar da aka yi da riga goma sha ɗaya ga mutum goma sha shida, duk wanda za a canja sai ya tuɓe a bakin layi ya miƙa wa mai shiga rigar da guminta. Kofi kuwa ɗaya muka taɓa ɗagawa, shi ma don motar abokan karawarmu ta lalace a hanya ba su iso ba. An zaga gari da shi sau biyu. Shugabanni sun zo sun tafi, Malam na nan da gwangwaninsa. Ba wanda ya taɓa tambayarsa yadda yake awo, shi ma bai taɓa tambayar kowa ba.

Ni na fara ganewa, kuma ba a filin na gane ba. Muna sabon aure, in za mu je asibiti ko gidan 'yan'uwa, yana gaba ina baya, sai na haɗa da ɗan gudu. Bayan ya yi ciwon ƙugu na ga ina tafiya daidai da shi. Da shekaru suka ƙara turawa na fara take masa bayan takalmi. Tsufa ba laifi ba ne, ni ma ba yarinya ba ce. Matsalar ita ce ƙirgensa bai tsufa ba. Ɗari da ashirin tana nan ɗari da ashirin, takun ne ke gajarcewa, filin kuma na binsa.

Na gwada gaya masa sau ɗaya, muna cin abinci.

"Malam, anya filin nan bai rame ba?"

Ya ajiye cokali. "Wa ya aiko ki?"

"Idona."

"Idon da ba ya iya zura allura sai an taya shi?"

Kwana biyu bai taɓa girkina ba. Ba wannan ya dame ni ba, ciki da kansa ke dawo da mutum gida. Abin da ya dame ni shi ne abin da na gani a idonsa lokacin da ya ajiye cokalin. Ba fushi ba ne, tsoro ne. Na ji tausayinsa, na kama bakina, kuma na sani na yi laifi da na kama shi.

Ashe ba ni kaɗai ke da ido ba. Shugaban da muke da shi yanzu, wanda kowa ke kira Ciyaman har 'ya'yansa, dillalin filaye ne, irin mutumin da in ya leƙo tsakar gidanka sai ka ji kamar ya yanki wani abu ya tafi da shi. Shi ya lura kowace kaka ana samun 'yar tazara bayan ragar can ƙarshe, wadda babu mai ita. Shekarar farko ya sa wa mai sayar da ruwa tebur. Tebur ya zama rumfa, rumfa ta zama shagon bulo. Yau layi biyu ne na shaguna da lungu a tsakiya: mai aski, mai gyaran waya, kantin magani, da ofishin Ciyaman kansa mai labule da fanka. Duk don ci gaban ƙungiya, in ji shi. Ranar buɗe fili ba ya fashi. Zai zo da magininsa a baya, ya tsaya yana tafi. "Baba Mai Taku, ƙafar nan taka Allah ya bar mana ita." Malam ya dawo gida yana ba ni labari wai a ƙarshe an samu shugaba mai mutunta ma'aikaci. Da na ce masa wurin da mai aski ke zaune da can ai nan gola yake tsayawa, sai ya ce shi bai san shago ba, ƙirge ya sani.

Wani ikon Allah, filin na ramewa ƙungiya na ƙiba. Baƙi su zo da dogon bugun da suka saba, ƙwallo ta faɗa kan rufin kantin magani. Golanmu in ya buga daga gidansa sai golan can ya yi tsalle, a kaka ɗaya golan namu ya ci ƙwallo huɗu. A wasan waje ne asiri ke son tonuwa. Kafin a je hutun rabin lokaci 'yan wasanmu harshe ya fito, suna tambayar ko filin mutanen nan da mota ake zagaya shi. Kocin da muke da shi ba wawa ba ne, ya tsara abinsa: a gida a ci, a waje a taru a bakin raga a roƙi Allah canjaras. Alƙalan wasa kuwa, mutum ya zo a bayan babur da tumbinsa ya tarar da filin da ba zai wahalar da shi ba, me zai kai shi ƙorafi? Baƙi sun yi ta ƙorafi, aka ce zafin shan kashi ne. Shekara shida ba a ci mu a gida ba. Gari ya yanke hukunci cewa akwai abin da Malam ke zubawa cikin farar ƙasar. Har wasu ke zuwa in ɗibar musu a leda.

Bara muka zo na ɗaya. Ranar da aka tabbatar, Malam ya shigo gida ya zauna a bakin gado da takalminsa, ya yi ta kuka ba sauti. Ban taɓa ganin hawayensa ba ko ranar da kamfanin ya sallame su. Na yi murna da gaske, amma ban saki jiki ba, don na san rukunin sama ba a shigarsa da tafi.

Bayan mako uku takarda ta zo: hukumar gasa za ta turo mai duba fili. Ciyaman ya iso gidanmu da yamma yana share gumi, ya ce yana ganin Baba ya gaji, ko zai kwanta ya huta ranar, su za su ji da baƙon. Malam ya ce ko a kan gadon asibiti yake sai an ɗauko shi. Ya sa na goge masa riga.

Mai duba filin mace ce, 'yar siririya mai tabarau, da tef mai mariƙi a cikin jaka. Ta durƙusa ta gaida Malam. Rabin gari ya zo kallo. Malam ya ce mata kada ta wahalar da kanta, ta tsaya ta gani. Ya jingina dunduniya da katanga, ya cire biyar ɗinsa, ya miƙe yana ƙirga, jama'a na taya shi. Ɗari da ashirin ta faɗi a kan layi cif. Aka yi tafi.

"Sannu da aiki, Baba," in ji ta. "Bari in ja nawa, ƙa'ida ce kawai."

Ta ja. Ta duba. Ta naɗe ta sake ja, kuma na san don kunyarsa ta sake, ba don tana shakka ba.

"Mita saba'in da huɗu ne. Doka ta ce kada ya gaza casa'in."

Malam ya ce zafin rana ne ya miƙar mata da tef. Ba ta yi musu ba. Ta matso ta ce a hankali, "Baba, yi min taku goma." Ya yi. Ta auna, ta nuna masa lambar da yatsa ba ta faɗa da baki ba. Ya daɗe yana kallon wurin da yatsan yake. Sannan ya ɗago ya ce, "To 'yata, ina casa'in ɗin take?"

Ta ci gaba da jan tef. Ta wuce layin raga, ta shiga lungu tsakanin mai aski da mai gyaran waya, jama'a na binta. Ta tsaya a ƙofar ofishin Ciyaman ta nemi izini, ta shiga, ta sunkuya ƙarƙashin teburinsa ta ce, "Nan." Kafin ta tafi ta bar sharaɗi: ko a dawo da filin yadda doka ta ce kafin sabuwar kaka, ko a bar wa na biyu gurbin.

Na ɗauka za su ɗora wa Malam laifin su kore shi, har na wasa harshena ina jira. Ashe ban san mutanen nan ba. Kwamiti ya zauna, a cikin ofishin da ake magana a kai, ya fito da sanarwa cewa 'Yan Sabulu ta janye daga hawa rukunin sama, saboda ba za ta yarda baƙo ya zo da zare ya rushe tarihin da magabata suka bari ba. 'Yan wasa suka yi guna-guni, aka saya musu sababbin riguna suka yi shiru. Sannan Ciyaman ya zo gidanmu da mutum uku da takardar yabo cikin gilashi. An naɗa Malam mai zanen fili na dindindin, har ƙarshen rayuwarsa.

"Baba," in ji Ciyaman, yana riƙe da hannunsa biyu, "mu ba mu san tef ba. Ƙafarka muka sani, da ita muka yarda. Ka ci gaba yadda ka saba, kada ka canja komai."

Da suka fita Malam ya kifa takardar a kan tebur. 

"Kin ji?" ya ce. "Sun bar ni ne in ci gaba da tsufa."

Ya juyo ya kalle ni.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ina take maka takalmi."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Na faɗa, ka yi kwana biyu kana cin abincin kasuwa."

Ya tashi ya fita tsakar gida. Da ya mayar min da magana da na fi jin sauƙi.

Watanni huɗun hutun nan ban huta ba. Kullum da safe zai fito tsakar gida ya bi gefen sandunan ragar yana buɗa ƙafa, yana son ya dawo da takun samartaka da ƙarfin tsiya. Dattijo mai jikoki yana ɗage-ɗage kamar mai tsallake kwata. Da rana in shafa masa man zafi a ƙugu, in ce in ya tsage wandon nan ba zan ɗinke ba. Ya tsage shi sau biyu, na ɗinke. Ina yi masa tsiya ne don kada in yi kuka a gabansa, shi ma ya san haka.

Ranar buɗe fili na bi shi, na ɗauki jakar turaku da guduma. Ciyaman ya riga mu zuwa da magininsa, har an sauke bulo a gefe, ko kunya babu. Mutane kaɗan ne suka zo bana.

Malam ya jingina dunduniya da katanga ya fara. Hamsin ɗin farko, wallahi, sai da na ga dogon saurayin da ya zo ƙofar gidanmu. Daga sittin ƙugun ya ƙi. Ya fara jan ƙafar hagu, takun ya koma guntu, guntu fiye da na kullum. Duk da haka bai tsallake ko lamba ɗaya ba. Ɗari da sha takwas. Ɗari da sha tara. Ɗari da ashirin.

Ya tsaya. Alamar layin bara na gabansa cikin ciyawa, da sauran taku biyu bai kai ta ba. Magini ya riga ya fara kallon wurin yana lissafin bulo da ido. Ciyaman ya ɗaga hannu zai tafa.

Malam ya jefa ƙafa gaba ya ce, "Ɗari da ashirin."

Ya sake jefa ɗayar. "Ɗari da ashirin."

Ya haye layin bara, ya shiga lungu. Mai aski ya fito da almakashi a hannu yana kallo. Kowane taku, "Ɗari da ashirin," da ƙarfi, kowa na ji. Mutumin da bai taɓa ƙarya a ƙirge ba ya yi ta a bainar jama'a, kuma tun da na aure shi ban taɓa alfahari da shi kamar lokacin ba. Ciyaman ya biyo shi da gudu-gudu.

"Baba, ai an wuce wurin. Mun riga mun janye, an ba wasu gurbin."

"Na sani," in ji Malam. "Ni ba rukuni na zo hawa ba, fili na zo zanawa."

Ya tura ƙofar ofishin, ya shiga da takalminsa na roba, ya tsaya a gaban teburin ya ce wa magini ya taya shi matsar da shi. Magini ya kalli ubangidansa, ya kalli tsohon, ya kama gefe ɗaya. Malam ya taka wurin da ƙafa biyu yana haki, ya juyo yana nemana.

"Ke, kawo turke."

Na miƙa masa turke da guduma, na ce, "Malam, siminti ne fa, ga tayil a kai."

Ya duba gudumar, ya mayar min da ita.

"To koma gida ki ɗauko babbar."